TSOHON JAMBO DA JIGILAR ALHAZAI: ME YA HANA A RABU DA SHI?

Daga Wakilinmu a Malumfashi

Duk shekara, da zarar watan Zulƙida ya kama, akan ga motoci cike da maniyyata suna barin Malumfashi da Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Ɗandume, sun nufi sansanin alhazai na Katsina. Da yawa daga cikinsu manoma ne da 'yan kasuwar hatsi, waɗanda suka haɗa kuɗin kujera daga masara da dawa da waken soya da auduga, wani a kaka ɗaya, wani kuwa sai da ya shekara biyar yana tari. Idan aka kai su filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, abin da suka saba tararwa shekaru da dama shi ne wani ƙaton jirgi mai inji huɗu da tozo a ka kamar na bijimin sa, watau Boeing 747, wanda duniya ta sani da suna Jambo.

Abin da yawancin waɗannan bayin Allah ba su sani ba, amma 'ya'yansu da ke makarantu da ofisoshi sun sani, shi ne an daina ƙera wannan jirgi, kuma yawancin manyan kamfanonin jiragen sama na Turai da Amurka sun sallami nasu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji ma'aikaci ko ɗalibi yana tambaya: don me za a ɗauki mahaifinsa, wanda ya biya miliyoyin Naira, a jirgin da wasu suka yi ritaya da shi? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci a amsa ta da hujja, domin cikinta akwai maganar rai, akwai ta dukiya, akwai kuma ta makomar jigilar alhazan ƙasar nan.

ASALIN JIRGIN

A cikin 1966 ne kamfanin Pan Am na Amurka ya ba kamfanin Boeing kwangilar jirage 25 na wani sabon samfuri wanda zai ninka jiragen wancan zamani wajen ɗaukar mutane. Jirgin ya yi tashinsa na farko ran 9 ga Fabrairu 1969, ya kuma fara ɗaukar fasinja a Janairun 1970. Masu ƙira sun ɗora mazaunin matuƙa a bene ne don a iya buɗe hancin jirgin a loda kaya, domin a lokacin ana zaton jirage masu gudun da ya wuce na sauti za su ƙwace fasinjoji nan ba da daɗewa ba, a bar Jambo da dako. Wannan zato bai tabbata ba, sai Jambo ya zama shi ne sarkin dogon zango har wajen shekara talatin.

An yi ta sabunta shi. Samfurin 747-300 mai dogon bene ya fito a 1983, sa'an nan 747-400 a 1989, wanda matuƙa biyu kaɗai ke sarrafa shi, ba sai da injiniya na uku a zaune bayansu ba. Na ƙarshe shi ne 747-8. Ran 31 ga Janairu 2023 aka miƙa jirgi na 1,574, wanda shi ne auta, ga wani kamfanin dakon kaya mai suna Atlas Air, aka rufe babin ƙirarsa bayan fiye da shekara hamsin.

ABIN DA YA KORE SHI

Abu biyu ne suka raba Jambo da manyan kamfanoni. Na farko doka ce. A da, ba a yarda jirgi mai inji biyu ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka ba, don gudun kada inji ɗaya ya mutu a tsakiyar teku. Wannan ya sa ƙetare manyan tekuna ya zama aikin masu inji uku ko huɗu. Da injuna suka ƙara inganci, sai hukumar jiragen sama ta Amurka ta sassauta zuwa minti 120 a 1985, daga baya zuwa minti 180. Da Boeing 777 ya fito a 1995, sai aka ga jirgi mai inji biyu yana ɗaukar mutum 300 zuwa sama, yana kuma zuwa inda Jambo ke zuwa.

Na biyu shi ne mai. Samfurin 747-400 yana shan kimanin tan 10 na mai a kowace awa, alhali kuwa Boeing 787, wanda ya fara aiki a 2011, tsakanin tan 5 da 6 yake sha. Ga kuma inji huɗu da za a riƙa kwancewa ana gyarawa maimakon biyu. Kamfanin da jirginsa ke sama awa 13 ko 14 kullum, shekara ta zagayo, wannan bambanci yana kai masa miliyoyin daloli. Don haka United da Delta na Amurka suka ajiye nasu a 2017. Da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga a 2020, sai British Airways, wanda ya daɗe yana kai Jambo Legas, da KLM na Holan da Qantas na Ostareliya duk suka bi sahu cikin 'yan watanni.

LISSAFIN MAI MOTAR KAKA

To, in haka ne, me ya sa abin da ya zama asara a Landan ya zama riba a Katsina da Kano? Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Ɗandume ko ta Funtuwa ya san amsar, ko da bai taɓa shiga jirgi ba. Akwai mai mota wanda ke da lodi kullum daga Kano zuwa Legas. Shi ya dace ya ci bashi ya sayi sabuwar tirela mai sauƙin shan mai, domin kowace rana tana biyan kanta. Akwai kuma wanda aikinsa na kaka ne, wata biyu ko uku ana kwaso masara daga ƙauyuka, sa'an nan a jingine mota sai baɗi. Wannan idan ya ci bashin sabuwar mota ya kashe kansa, domin banki ba ya sanin rani da damina. Abin da ya fi masa shi ne tsohuwar gingimari mai bodin katako, wadda ya biya kuɗinta lakadan: tana shan mai ranar da take aiki, amma ranar da take ajiye ba ta cin komi sai ɗan gyara.

Haka jigilar alhazai take. Farashin da Boeing ya sa wa sabon 777-300ER a takarda a 2019 ya wuce dala miliyan 375, ko da yake manyan masu saye suna samun ragi. Hayar sabon babban jirgi kuwa takan kai wajen dala miliyan ɗaya a wata, a yi aiki ko kada a yi. Tsohon 747-400 da ya yi shekara ashirin yana aiki akan same shi a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabo. Aikin Hajji kuwa, kai da komowa, bai fi na wata biyu da rabi ba, sai ɗan abin da ake samu na Umra a watan azumi da shatar da ba a rasa ba. Jirgin da zai yi wata takwas ko tara a ajiye dole ya zama mai arahar saye, ko da kuwa mai tsadar tashi ne.

Bugu da ƙari, yawan kujeru yana rage zafin shan man. Kamfanonin Turai kan sa kujeru 300 zuwa 400 a cikin 747-400, saboda wuraren manya masu cin fili. Na jigilar alhazai kuwa akan jera masa kujeru 500 zuwa sama. Bari mu yi misali. Daga Katsina zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne, tafiyar wajen awa biyar in hanya ta miƙe. Jambo zai sha kamar tan 50. A raba wa mutum 550, kowa ya tashi da kilo 90 da 'yan kai. Sabon jirgi mai kujeru 300 zai sha kamar tan 28. A raba, sai a ga rabon kowa ya yi kusa da wancan. Gaskiya ne shi ma sabon ana iya cusa masa kujeru ya tsere wa tsohon, amma dai tazarar ba ta kai a ce ta biya bashin sayensa cikin aikin wata biyu ba.

DAGA KABO ZUWA MAX AIR

Wannan lissafi ba yau aka fara shi ba. A zamanin da kamfanin Nigeria Airways ke riƙe da jigilar, jiragensa ba su taɓa isa ba, sai ya yi hayar na wasu ƙasashe idan lokaci ya zo, har ya durƙushe a 2003. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, mutumin Kabo da ke kan hanyar da mutanen Malumfashi ke bi ta Gwarzo zuwa Kano, ya kafa Kabo Air a 1980. Daga 2001 kamfanin ya bar zirga-zirgar cikin gida ya mai da hankali ga Hajji da shata, da tsofaffin Jambo na samfuran farko.

Bayansa sai Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina ya fito da Max Air a 2008, shi ma da Jambo waɗanda suka fara aiki a kamfanonin gabashin Asiya. Har ma an san Max Air cikin kamfanonin ƙarshe a duniya da suka ɗauki fasinja da samfurin 747-300, kafin ya koma ga 747-400, wanda ya yi jigila da shi a shekarun baya-bayan nan, har da 2024. Kamfanin Azman na Kano ma da ya tashi sayen babban jirgi a 2020, tsohon Airbus A340-600 mai inji huɗu ya saya. Duk waɗannan 'yan kasuwa ne da suka san ciwon kuɗinsu, kuma ba haɗuwa suka yi suka shirya ba. Kasuwar ce ta kai su wuri ɗaya.

ƘURARREN LOKACI

Dalili na biyu shi ne lokaci. Hukumomin Sa'udiyya suna buɗe wa jiragen alhazai ƙofa daga farkon Zulƙida, su rufe ran 4 ga Zulhajji, kuma kowane jirgi sai an ba shi lokacin sauka, domin duniya duka can ta nufa. A 2023 Nijeriya ta sami kujeru 95,000. Jihar da ke da maniyyata 3,000, alal misali, sawu shida ya ishe ta da jirgi mai ɗaukar 550, amma sai ta yi goma da mai ɗaukar 300. Kowane sawu kuwa yana bukatar izinin sauka da tankar mai da matuƙan da suka huta da jami'an tantancewa.

Ba a manta da abin da ya faru a 2022 ba, shekarar da aka dawo da aikin Hajji ga baƙi bayan hutun korona na shekara biyu. Kujerun Nijeriya 43,008 ne kacal, amma duk da haka aka rufe filin Jidda an bar maniyyata sama da 1,500 a gida, ɗaruruwa daga cikinsu mutanen Kano ne, har Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta fito ta nemi gafara. Wanda ya ga yadda dattijo ke komawa ƙauyensu da jakarsa bayan an yi masa rakiya da addu'a, ya san darajar jirgin da ke kwashe ƙaramar hukuma biyu ko uku a tashi ɗaya.

Sai dai girman nan kaifi biyu gare shi. Kamfanin da ke da manyan jirage biyu ko uku kawai, idan ɗaya ya sami matsala, mutum 550 ne za su kwana a sansani, kuma jadawalin jihohin da ke bayansu duk ya rushe.

MATSALAR DALA

Dalili na uku shi ne kuɗin waje. Jirgi da injinsa da kayan gyaransa da inshorarsa duk da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Kujerar Makka da aka biya ƙasa da Naira miliyan 3 a 2023 ta wuce miliyan 8 a 2025. A 2023 ɗin ma, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka riƙa zagaye, aka ƙara dala 250 a kan kowane tikiti. A irin wannan hali, duk abin da ya ƙara tsadar jirgi a wuyan maniyyaci yake sauka, watau a kan buhunan masarar da zai ƙara fitarwa daga rumbu.

Daɗin daɗawa, masu ba da hayar jirage na duniya sun daɗe suna ɗari-ɗari da Nijeriya, saboda wahalar da suke sha a kotuna kafin su karɓe jirginsu idan an kasa biya. Wanda ba a ba shi haya da sauƙi ba, ba shi da zaɓi sai ya sayi abin da aljihunsa zai iya lakadan. A Satumbar 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kan ƙa'idojin da kotuna za su bi wajen aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ke kare haƙƙin masu ba da haya, da nufin buɗe wannan ƙofa.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne ke riƙe da tsohon jirgi. Kamfanin Lufthansa na Jamus ya yi odar sabon Boeing 777X tun 2013, da sa ran karɓa a 2020, amma har 2025 ta ƙare ba a miƙa ko ɗaya ba. Dole ta sa ya ci gaba da aiki da tsofaffin 747-400, ya kuma komo da Airbus A380 mai hawa biyu a 2023 bayan ya jingine shi. In mai kuɗi irin wannan ya jira sabon jirgi fiye da shekara goma, ina ga ɗan kasuwar Kano ko Katsina?

TSUFA DA HAƊARI

Yanzu sai babbar tambaya: shin tsohon jirgi ya fi sabo haɗari? Masana ba da shekaru kaɗai suke auna tsufan jirgi ba, sun fi duba yawan tashi da sauka. Duk lokacin da jirgi ya hau sama akan matsa iska a cikinsa don mutane su iya numfashi, sai gangar jikinsa ta ɗan kumbura, in ya sauko ta koma. Wannan kumbura da saɓewa su ke gajiyar da ƙarfe, kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta. A Afrilun 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sama a tsibiran Hawai. Shekararsa 19, amma ya yi tashi kusan 90,000 saboda gajeren zango yake yi. Daga nan ne aka tsananta dokokin binciken tsofaffin jirage a duniya. Jambo mai dogon zango, wanda ba ya wuce tashi ɗaya ko biyu a yini, ba ya tara ko rabin wannan a rayuwarsa.

Tarihinmu ma ya koya mana darasi mai ɗaci. Jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda ya faɗi a Kano ran 22 ga Janairu 1973 da alhazai, mutum 176 suka rasu, shekararsa biyu kacal da ƙerawa. Shi kuwa DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ya faɗi a Jidda ran 11 ga Yuli 1991 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya, tsoho ne ƙirar 1968. Amma bincike ya nuna tayoyi ne aka bari ba isasshiyar iska don gudun ɓata lokaci, suka fashe wajen tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar. Gaggawa da sakaci ne suka yi wannan ɓarna, kuma sabon jirgi ma ba zai tsira daga irinsu ba.

Bayan faɗuwar jirgin EAS a unguwar Gwammaja ta Kano ran 4 ga Mayu 2002, inda sama da mutum 100 suka rasu, gwamnati ta dakatar da samfurin BAC 1-11, ta kuma kawo dokar iyakar shekara 22. Wannan ya kwantar da hankalin jama'a, amma ƙidayar shekaru ba ta maye gurbin bincike. Ko a ran 7 ga Satumba 2019, da wani Jambo na Max Air ɗauke da alhazai sama da 500 ya goga inji ɗaya a titin sauka a Minna, ba a kuwa rasa rai ba, abin da masu bincike suka duba ya haɗa da yanayi da na'urorin filin da yadda aka sauko, ba shekarun jirgin kawai ba.

Duk da haka, kada a yi wa tsufa kwaskwarima. Tsohon jirgi ya fi bukatar ido. Bayan kowace shekara shida zuwa goma akan yi masa babban garambawul, a kwance shi kusan ƙwarangwal, aikin da kan ci wata ɗaya ko biyu da miliyoyin daloli, kuma irin wannan aiki na Jambo a ƙasashen waje ake yinsa. Jirgin da ya daɗe a ajiye cikin ƙurar hunturu da zafin bazara shi ma yana da nasa ciwon, sai an bi ƙa'idar adanawa da ta tayarwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka rufe tulunta da kyau.

ABIN DA FASINJA KE SO

Ma'aikacin gwamnati da zai tafi taro Turai, ko ɗalibin da ya sami gurbin karatu, yana iya zaɓen kamfani har ma da samfurin jirgi. Irin waɗannan sukan fi son Boeing 787 ko Airbus A350, kuma suna da hujja. Iskar cikin tsofaffin jirage daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000, ta waɗannan sababbin kuwa kamar ƙafa 6,000, tana da ɗan laima, ga ƙarancin ƙara. Mutum yakan sauka ba ciwon kai ba bushewar maƙogwaro sosai. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon ƙirji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma sabo ba kullum yake nufin yalwa ba. Faɗin cikin Jambo ya ɗan wuce mita 6, ana jera kujeru goma: uku, huɗu, uku. Boeing 777 bai kai shi faɗi ba, amma kamfanoni da yawa goman suke jerawa, sai kafaɗa ta matsu. Airbus A330, irin wanda kamfanin Flynas na Sa'udiyya ke kawowa jigilar alhazanmu, bisa al'ada biyu, huɗu, biyu ake jera shi, tsarin da ya dace da mutum da matarsa ko tsohuwa da ɗan rakiyarta, sai dai in mai jirgin ya ƙara kujera. Ashe ke nan jin daɗin zama ya fi rataya a kan yadda mai jirgi ya jera kujerunsa, ba a kan sunan da ke rubuce a jikin jirgin ba.

Shi kuwa maniyyaci ba shi da zaɓi. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ke raba jihohi ga kamfanoni, tare da ware kason kamfanin Sa'udiyya bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, ko da yake an taɓa samun jihohin da suka nemi a sauya musu. In aka saurari hirar alhazan wannan yanki bayan sun dawo, da wuya a ji ana maganar tsayin iska ko ƙarar inji. Abin da ake tambaya shi ne: kwana nawa kuka yi a sansani? An haɗa ku da mutanen garinku a jirgi ɗaya? Jakarka da ruwan Zamzam ɗinka mai lita 5 sun iso tare da kai? A nan Jambo yana da farin jini, saboda cikinsa na ɗaukar kaya, kuma mutane da yawa sukan ji hankalinsu ya fi kwanciya da inji huɗu. Aibinsa shi ne dogon layi: hawan mutum 550 ta matakala, yawancinsu tsofaffi, da jiran banɗaki, da cunkoso a gaban jami'an shige da fice.

Akwai kuma abin da ya shafi manomi kai tsaye. Saboda shekarar Musulunci tana gaban ta Turawa da wajen kwana 11, tsayuwar Arfa ta faɗo ran 27 ga Yuni a 2023, ran 15 ga Yuni a 2024, da ran 5 ga Yuni a 2025. Watau an tafi ana shirin shuka, ana kuma dawowa lokacin noman farko da sa taki. Manomin Ƙafur ko Bakori da ya yi mako guda yana jiran jirgi a Makka, masararsa ce ke jiransa cikin ciyawa. Ga wannan mutum, jirgin da ya fi kowane kyau shi ne wanda ya zo ran da aka ce zai zo.

INA AKA DOSA?

Ko ana so ko ba a so, kwanakin Jambo na fasinja ƙidayayyu ne. A yanzu kayan gyaransa suna samuwa daga waɗanda aka jibge a hamadar Amurka da Sifen ana cire musu sassa, amma kamfanonin dakon kaya ma can suke nema, kuma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa ƙarshensa sananne ne. Matuƙa da injiniyoyin da suka ƙware a kansa suna ritaya, matasa kuwa sababbin samfura suke koyo. Abin da zai gaje shi, bisa dukkan alamu, shi ne tsofaffin 777 da A330 masu inji biyu, waɗanda ba su kai shi ɗauka ba. Ma'anar wannan ita ce ƙarin sawu cikin kwanakin da ba za su ƙaru ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukumomi. Ya kamata Hukumar Alhazai ta riƙa ƙulla yarjejeniya ta shekaru da kamfanonin da suka cancanta, kuma ta biya su a kan kari, domin ba mai bankin da zai ba da bashin jirgi a kan kwangilar shekara ɗaya. Ya kamata a wajabta wa kowane kamfani nuna jirgin ko-ta-kwana kafin a ba shi jiha. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa kuwa, ya dace ta riƙa bayyana wa jama'a sakamakon binciken da take yi wa kowane jirgin alhazai, da ranar garambawul ɗinsa na ƙarshe, kuma kada ta bari kusantowar ran 4 ga Zulhajji ta sa a kau da kai daga ko da taya ɗaya. Hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Katsina ita ma tana da nata: kada a kira mutanen Funtuwa da Malumfashi sansani, tafiyar awa biyu zuwa uku, sai an tabbatar jirgi yana ƙasa.

Ɗalibai da ke neman abin yi su ma su lura. Muddin ba mu da wurin garambawul na manyan jirage da ƙwararrun da za su riƙe shi, kowane irin jirgi muka saya, sabo ko tsoho, dalarmu waje za ta ci gaba da fita. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya nan kusa da mu, tun 1964 take, kuma ba matuƙa kaɗai take horarwa ba, har da injiniyoyin gyara.

Shi kuwa ma'aikacin da ya raka mahaifinsa Katsina ya hango Jambo a fili, ba laifi ya tambayi shekarun jirgin. Amma tambayoyin da suka fi wannan amfani su ne: yaushe aka duba shi, wa ya duba shi, kuma in ya ƙi tashi wane jirgi ne a bayansa? Da sanyin safiya ake kama fara; gara a nemi amsoshin tun ana karɓar kuɗin kujera a kaka. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya komo da su lafiya.